Gudu Kaɗai Ba Ya Kawar Da Teɓa, Ba Ya Gina Ƙwanji

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. A zamanin nan mutane sun farga da wannan magana ƙwarai, musamman ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da malaman makaranta, waɗanda yawancin aikinsu a zaune su ke yinsa. Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, masu irin wannan aiki sai ƙaruwa su ke yi. Duk wanda ya fito da sassafe a unguwarmu ta Bukan Sidi zai tarar da su a gefen babbar hanyar da ta nufi Akwanga da Jos, wannan na sassarfa, wancan na gudu, wani ya jiƙe sharkaf da gumi. In ka tambaye su abin da su ke nema, amsa biyu za ka ji. Manya su ce teɓa su ke so ta faɗa, samari su ce ƙwanji su ke so ya fito.

Ni aikina koyar da wasanni da kiwon lafiya ne, sabo da haka a kan kawo mini ƙara iri ɗaya kullum: "Malam, wata uku ke nan ina gudu, ga wahala, ga ciwon gwiwa, amma cikin nan yana nan yadda ya ke. Ina laifin?" Na ga ya kamata in rubuta amsar a nan, domin ku da ke kwaleji yau, gobe ku ne malamai a birane da ƙauyuka, ku za a riƙa tambaya. Malamin da ya ba da amsar da ba daidai ba kuwa, ba mutum ɗaya ya ɓatar ba.

Motsa Jiki Iri Biyu Ne

Iri na farko shi ne mai sa haki, watau wanda mutum zai daɗe yana yi ba tsayawa, zuciya na bugawa da sauri, numfashi na hawa. Gudu, sassarfa, tafiya da sauri, tuƙa keke, iyo da tsallen igiya duk a nan su ke. Turawa na kiransa kadiyo, daga kalmar Girkanci mai nufin zuciya. Wani likitan sojan sama na Amurka, Kenneth Cooper, shi ya yayata shi da littafin da ya buga a 1968 mai suna Aerobics.

Iri na biyu shi ne na ƙarfi, watau a ɗora wa tsoka nauyin da zai gajiyar da ita cikin ɗan lokaci kaɗan, a huta, a sake. Ɗaga ƙarfe, ɗaukar kaya, kokawa da noma da garma suna cikin wannan.

Kada wani ya ɗauka na zo ne in kushe gudu. Tun a 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya gwada direbobin manyan motocin safa masu bene na Landan da yaran motar da ke yini suna hawa suna sauka. Ya samu ciwon zuciya ya fi kama direbobin da ke zaune. A yau babu wani likita da ke musun cewa motsa jiki mai sa haki yana taimakon zuciya da huhu, yana rage hawan jini, yana kuma taimaka wa mai ciwon sukari. Abin da na ke so in nuna shi ne, magani kome kyansa yana da ciwon da ya ke yi wa aiki. Ga rage kitse gudu yana taimakawa, amma ba kamar yadda a ke zato ba. Ga gina tsoka kuwa, ba aikinsa ba ne.

Aibi Na Farko: Lissafin Bai Kai Yadda A Ke Tsammani Ba

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da wani awo da a ke kira kalori. Abin da jiki ya ci bai ƙone ba, sai ya adana shi a matsayin kitse, kamar yadda manomi ke zuba rarar hatsi a rumbu. A cikin kilo 1 na kitsen jiki akwai kalori wajen 7,700.

To, ku ɗauko alli mu yi lissafi. Mai gudu ya kan ƙone wajen kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a cikin kowace kilomita. A ce mutum nauyinsa kilo 70 ne, ya yi gudun kilomita 5. Ya ƙone kalori 350 ke nan. In muka raba 7,700 da 350, za mu sami 22. Watau sai ya fita sau 22, ya ci kilomita 110, kusan tafiyar Lafiya zuwa Akwanga da komowa, kafin kilo 1 tak na kitse ya tafi. In sau 3 ya ke fita a mako, aikin mako 7 ne da ɗoriya.

Wannan ma in bai ƙara ko loma ɗaya a kan abincinsa ba ke nan. Amma ku duba yadda a ke mayar da kalori 350 cikin sauƙi. Lemon kwalba na rabin lita yana da wajen 200. Cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa, giram 30, yana da wajen 170. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, wajen 120. Wanda ya komo daga gudu ya tsaya a shago ya sha lemo ɗaya ya watsa gyaɗa, ya biya bashin gudun nan har da riba, alhali bai ma karya kumallo ba tukuna. Abin da ƙafa ta yi minti 30 tana kwashewa, baki ya mayar da shi cikin minti 3.

Aibi Na Biyu: Jiki Yana Ramawa

Jikin ɗan Adam mai tattali ne, ba ya son a taɓa masa rumbu. In ya ga ana ɗiba da yawa sai ya nemi hanyar cike gurbin. Hanya ta farko ita ce yunwa: mai gudu ya kan ji cikinsa ya buɗe, malmala biyu ta sakwara ta koma uku. Ta biyu ita ce kasala: wanda da ya kan taka zuwa kasuwa ko masallaci, ran da ya yi gudu sai ya hau babur, ya ce ai ya riga ya yi na yau. Ta uku kuwa a ɓoye ta ke, jiki da kansa ya kan rage abin da ya ke kashewa a wasu ayyukansa na ciki.

An gwada wannan a Amurka. Wani likita, Timothy Church, da abokan aikinsa sun ba da labarin binciken a 2009. Sun ɗauki mata fiye da 400 waɗanda suka manyanta kuma su ke da ƙiba, suka kasa su kashi-kashi har wata 6. Wasu na motsa jiki wajen minti 72 a mako, wasu 136, wasu 194, ba a ce kowa ta canja abinci ba. Bisa lissafi, masu minti 194 ya kamata su rage kilo 2.7, amma 1.5 kaɗai suka rage, watau kusan rabi. Masu minti 136 ma sun fi su, don sun rage kilo 2.1. Ƙarin wahala bai kawo ƙarin riba ba.

Wani abin mamaki kuma ya fito daga ƙasar Tanzaniya a 2012. Akwai wata ƙabila can da a ke kira Hadza, masu zaman farauta da tonon saiwoyi da ɗiban zuma, kullum suna cikin tafiya a daji. Wani masani, Herman Pontzer, ya auna ƙarfin da jikinsu ke ƙonewa a yini. Da aka yi la'akari da girman jiki, sai aka tarar kusan daidai ya ke da na mutanen Turai da Amurka masu yini a kujera. Rashin ƙibar Hadza ya fi dangantaka da irin abin da su ke ci da yawansa.

Aibi Na Uku: Gumi Ba Kitse Ba Ne

Na sha ganin samari suna gudu da rigar sanyi cikin watan Maris, sa'ad da zafin Lafiya kan haura digiri 35, wasu har su naɗa leda a ciki, wai don kitse ya narke ya fita. Wannan kuskure ne mai haɗari. Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, jiki na fitar da shi don ya huce. Wanda ya hau sikeli bayan gudu ya ga ya rage kilo 1, ruwa lita 1 ya zubar, da ya sha zai komo. Abin da zai iya samu a wannan hanya shi ne jiri, ciwon kai, suma, da wahalar da ƙoda.

To, ta ina kitse ke fita? Yawancinsa ta hanci. Idan jiki ya ƙone shi sai ya zama iska da ruwa. Masana biyu a Ostareliya sun yi lissafin a 2014: a cikin kilo 10 na kitsen da aka ƙone, kilo 8.4 na fita ta numfashi, sauran 1.6 ya zama ruwa.

Haka kuma ba a zaɓar wa jiki inda zai ɗebi kitse. Mutum ba zai ce na ciki kaɗai ya ke so a ɗiba ba. Jiki na ɗiba daga ko'ina, bisa ga halittar kowa, kuma ga yawancin maza na ciki shi ke da taurin kai.

Aibi Na Huɗu: Gudu Ba Ya Gina Tsoka

Tsoka ba ta girma sai an ɗora mata abin da ya fi wanda ta saba. In aka yi haka, aka ba ta abinci da hutu, sai ta ƙara kauri don ta iya da nauyin nan gaba. A gudu mai nisa kuwa, ƙafa na maimaita ɗan aiki mara nauyi sau dubbai. Abin da ta ke koya shi ne jimiri. Wanda bai taɓa motsa jiki ba zai ga ƙafafunsa sun ɗan yi ƙwari a farkon fari, daga nan sai abin ya tsaya. Ƙirji da kafaɗa da damtse kuwa ba su sami kome ba.

Gani ya kori ji. Ku dubi makiyayi da ke bin shanu yini guda: ga jimiri, ba ya gajiya, amma siriri ne. Sa'an nan ku dubi manomin doya da ke tara ƙasa da garma, ko maƙeri, ko mai loda buhuna a kasuwa, ko ɗan kokawa, ku ga faɗin kafaɗa. A duniyar wasanni ma haka ne. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2 a birnin Biyana a 2019, nauyinsa wajen kilo 52 ne. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009, ya haura kilo 90, kuma ɗaga ƙarfe na cikin horonsa. Lalle halitta na da nata rabo a nan, amma irin aikin da aka ba jiki shi ke ƙarasa siffanta shi.

Akwai kuma hasarar da ta fi wannan. Idan mutum ya rage abinci ƙwarai ya haɗa da gudu mai yawa, ba kitse kaɗai zai tafi ba. A bisa ƙiyasin da masana suka saba yi, wajen kashi 1 cikin 4 na nauyin da a ke ragewa ta hanyar rage abinci ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwa. Sikeli zai nuna an ragu, mai shi ya yi murna, amma ya rame ne, ƙarfinsa ya tafi. In ya gaji ya bari, kitse ya fi tsoka saurin komowa. Ga shi kuwa tun daga shekara 30 tsokar mutum kan fara raguwa da kanta, wajen kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10. Tsokar nan ita ce za ta tashe shi daga tabarma ran da ya tsufa, ita ce kuma ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci. Ba abin wasa da ita ba ne.

Aibi Na Biyar: In Ya Yi Yawa Yana Tare Wa Ƙarfi Hanya

Wani zai ce, to, sai in haɗa biyun. Madalla, haka ya kamata, amma da tsari. A 1980 wani masani a birnin Shikago, Robert Hickson, ya kasa mutane uku har mako 10. Kashi ɗaya na ɗaga nauyi da ƙafa kwana 5 a mako. Kashi na biyu na gudu da tuƙa keke minti 40, kwana 6 a mako. Kashi na uku na yin duka biyun. Har wajen mako na 7 ƙarfin masu haɗawa na hawa daidai da na masu ɗaga nauyi kaɗai. Daga nan sai ya tsaya cik, a mako na 9 da na 10 ma ya fara komawa baya, alhali na masu ɗaga nauyi kaɗai na ta hawa.

Ku lura fa, aikin da Hickson ya ɗora wa mutanensa ya yi tsanani. A 2022 wasu masana sun tattara bincike 43 suka duba, suka ga haɗawa ta matsakaici ba ta hana tsoka girma. Abin da ta fi taɓawa shi ne ƙarfin zabura, irin na tsalle da gajeren gudu, musamman in an yi biyun a zama ɗaya. Darasin shi ne, matsakaicin gudu ba ya ɓata kome, amma wanda ya fara da gudun awa guda sa'an nan ya zo ɗaga ƙarfe da sauran ƙarfin da ya rage, ba zai ga abin kirki ba.

Aibi Na Shida: Gaɓoɓi Da Hanya

A kowane taku na gudu, ƙafa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau 2 zuwa 3. Ga siririn yaro wannan ba kome ba ne. Amma mai kilo 100 da ya shekara 15 bai yi gudu ba, ya tashi rana ɗaya ya hau kwalta da takalmin da ya ga dama, lalle gwiwa da ƙwauri da diddige za su yi ƙara. Gudun ba shi ne mai laifi ba, gaggawa ce. Zuciya da huhu na saurin sabawa, jijiyoyi da ƙasusuwa kuwa sai a hankali. Da yawa a nan su ke yankewa, su ce motsa jiki bai karɓe su ba, su koma kujera gaba ɗaya. Wannan ita ce babbar hasara.

Ga kuma halin hanyarmu. Babbar hanya ce, manyan motoci na wucewa dare da rana, ga hayaƙi, ga ƙurar hunturu. Mai gudu na shaƙar iska ninkin ba ninkin na mai tafiya. Filin makaranta ko hanyar cikin unguwa ya fi, ga taushin ƙasa, ga kwanciyar rai.

To, Mene Ne Abin Yi?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani bincike na Jami'ar Duke a Amurka, wanda aka buga a 2012, ya nuna haka sarai. An bi mutum 119 masu ƙiba har wata 8. Masu motsa jiki mai sa haki sun fi masu ɗaga ƙarfe rage kitse, masu ɗaga ƙarfe su ne suka ƙara tsoka, waɗanda suka haɗa kuwa suka sami duka biyun. Ga shawarata:

1. Mai son rage kitse ya fara daga akushi. Ya rage lemon kwalba da sukarin shayi, ya rage mai a miya da soye-soye, ya rage girman malmala, ya ƙara ganye. Rabin kilo a mako ya isa. Kada ya kashe kansa da yunwa.

2. Ya ci abinci mai gina jiki, wanda a ke kira furotin. Mai ɗaga nauyi na bukatar wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na jikinsa a yini, watau wajen giram 110 ga mai kilo 70. Ba sai ya sayi garin gwangwani mai tsada ba. Ƙwai ɗaya na da giram 6. Giram 100 na busasshen wake na da wajen 23, na waken suya wajen 36. Ga awara, alale, ƙuli-ƙuli, nono, kifi da nama, ga riɗi da agushi da Allah ya hore wa ƙasarmu.

3. Ya yi aikin ƙarfi kwana 2 ko 3 a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Rashin kayan ƙarfe ba hujja ba ne. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, a rage ruwan daidai ƙarfin mutum. A rungume ta a tsuguna a tashi. A sunkuya da miƙaƙƙen baya a ɗago ta daga ƙasa. A dafa ƙasa da hannu biyu a sauke ƙirji a ɗaga. A kama reshe mai ƙwari a ja jiki sama. Kowanne a yi sau 8 zuwa 12, a huta minti 2, a maimaita har zagaye 3. Ran da sau 12 ya zama wasa, a ƙara nauyi. Wannan ƙa'ida ta ƙari a hankali ita ce wani likitan soja na Amurka, Thomas DeLorme, ya yi amfani da ita a 1945 wajen mayar wa sojojin da suka ji rauni ƙarfinsu. Mata ma su yi, ba za su koma kamar maza ba, domin halittar jikinsu ba ta ba da haka.

4. Kada ya bar mai sa haki, don zuciya na da hakki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, ya kuma yi aikin ƙarfi aƙalla kwana 2. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta cika mudun. Mai nauyin jiki ya fara da tafiya ko keke kafin gudu.

5. In zai yi biyun rana ɗaya, ya fara da na ƙarfi, ko ya raba su, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

6. Ya sami barci awa 7 ko fiye, don a lokacin hutu tsoka ke ginuwa.

7. Kada ya dogara da sikeli kaɗai. Ya ari tef ɗin tela ya auna cikinsa daidai cibiya sau ɗaya a wata. In awon ya haura rabin tsawonsa, akwai aiki a gaba. In ciki na raguwa, ƙarfi na ƙaruwa, to, ana kan hanya ko da sikeli bai motsa ba.

8. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, da mace mai ciki, su ga likita tukuna. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin yi, ya tsaya nan take.

Ga Malaman Gobe

Idan kun fita koyarwa, za ku tarar a makarantu da yawa darasin wasanni bai wuce a ce wa yara su zagaya fili sau 10 ba, malam na zaune a inuwa. Wani lokaci ma gudun da tsallen kwaɗo su ne horon mai laifi. Yaron da ya tashi yana ganin motsa jiki azaba ce, ran da ya bar makaranta ya bar shi ke nan har abada. Yara na bukatar minti 60 na motsa jiki kowace rana, a cikinsa kuma a sami abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana 3 a mako. Ku haɗa musu da langa, tsalle, jan igiya, hawa da kokawa mai tsari. Yaro mai ƙiba kuma kada ku sa shi gudu a gaban 'yan'uwansa ana dariya. Ku yi magana da iyayensa a kan abin da ya ke ci da abin da ya ke sha.

In kuwa wani dattijo ya tare ku ya ce yana gudu teɓa ta ƙi faɗawa, kada ku ce ya bari, kada kuma ku ce ya ƙara nisa. Ku tambaye shi abin da ya ke ci in ya komo, ku yi masa lissafin nan na 7,700, ku nuna masa jarka. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.